Churn, turnover ko attrition: wacce za ka ɗauka, kuma me za ka kira ta da Hausa?

Wani ƙanena mai ƙaramar masana'antar ruwan leda ya zo mini da takardar neman tallafin jari wadda aka ce ya cike da Turanci. A ciki akwai gurbin da aka rubuta monthly churn rate. Ya duba ƙamus a wayarsa ya ga ana ta zancen madara da man shanu, ya tambayi wani abokinsa, shi kuma ya ce masa ai churn da turnover duk tafiyarsu ɗaya. Sai ya ɗauki biro ya rubuta cinikin da yake yi a wata. Da na gani na ce masa, "Ba kuɗi suke tambayarka ba. So suke su san shaguna nawa ne suka daina karɓar ruwanka." Ya dube ni ya ce, "To Yaya, me ya haɗa shagunana da nono?"

Tambayar tasa tana kan hanya. Ni fassara ce sana'ata, na daɗe ina mayar da rahotannin kasuwanci daga Turanci zuwa Hausa, kuma waɗannan kalmomi uku, churn da turnover da attrition, suna cikin masu sa ni in ajiye alƙalami in yi shiru. Ƙamus yakan jera su kamar 'yan ɗaki ɗaya, alhali kowace da inda ta sa gaba. Wanda ya ɗauki wata a madadin wata a takardar banki ko ta haraji, lissafinsa ne zai fita a karkace, kuma mai karantawa ba zai yi masa uzuri ba.

Sai an fara komawa ruga kafin a gane churn. Goggona takan bar madara ta kwana ta kama ta zama kindirmo, da sassafe ta juye ta cikin gora mai dogon wuya, ta toshe bakin, ta zauna ta miƙe ƙafafu, ta ɗora goran a cinya tana kai shi tana kawo shi. Da farko ƙarar mai kauri ce, can sai ta koma cakal-cakal, kuma da kunne kawai take gane mai ya tashi. Sai ta juye a ƙwarya, ta ɗan zuba ruwan sanyi, ta bi ƙwayoyin man da ke yawo a sama tana tattarawa har su zama curi. Wasu matan da maburgi suke yi, suna murza shi tsakanin tafukan hannu. Wannan aikin da muke ce wa kaɗa nono shi ne ainihin ma'anar churn, kuma mazubin da ake yin aikin a ciki shi ma sunansa ke nan. Tsohuwar kalma ce ƙwarai, a tsohon Turanci cyrin ake cewa, wasu masana ma suna danganta ta da kernel, wato ƙwaya, saboda 'yan ƙwayoyin nan na mai. A Ingila har manyan garewanin ƙarfe da manoma ke ajiyewa a bakin hanya cike da madara don mota ta kwasa, churn ake kiransu, kafin a daina kwasar madara ta wannan hanya a 1979, tankoki suka karɓi aikin.

Abubuwa biyu ke faruwa a cikin goran nan, kuma su ne suka bi kalmar har cikin ofis. Na farko, motsi ne ba ƙaƙƙautawa amma nonon bai ƙaru ba, yana nan inda yake. Na biyu, a ƙarshe wani abu yakan rabu da sauran a kwashe shi. Da kamfanonin da ke rayuwa a kan kuɗin wata-wata, irin su na waya da na tauraron ɗan'adam da masu sayar da mujalla, suka rasa sunan da za su ba halin da suke ciki, inda kullum wasu na shigowa wasu na fita amma jimilla ba ta wani gusawa, sai suka ɗauko churn. Da aka zo auna shi da alƙaluma kuma, sai aka tsaya a kan masu fita kaɗai. Saboda haka churn rate a yau yana nufin kaso nawa ne cikin abokan cinikin da kake da su a farkon wani lokaci suka bar ka kafin ƙarshensa.

Lissafin ba wuya. A ce ƙanen nan nawa ya shiga wata yana kai wa shaguna 200 ruwa. Kafin wata ya ƙare 10 sun daina karɓa, ya samu sababbi 15. Shi a ransa gaba ya ci, tunda yanzu yana da 205. Amma amsar gurbin nan ita ce kashi 5 cikin 100, domin sababbin ba sa shiga wannan lissafi ko kaɗan. Kashi 5 kamar ba komai ba ne a kunne, amma idan aka tafi a haka wata goma sha biyu, cikin shaguna 200 na farko wajen 108 ne za su rage, kusan rabi sun tafi ke nan. A wannan ma'auni, shago ɗaya yakan yi kimanin wata 20 tare da shi kafin ya bar shi. Wannan shi ne abin da mai ba da jari yake son gani, ko ana tufka ana warwara ne. Neman sabon shago yana cin mai da lokaci da ragin farashi da bashin farko, riƙe tsoho kuwa sau da yawa kai kaya a kan lokaci ne kawai.

Mu a Najeriya mun san wannan abu a jikinmu tun kafin mu san sunansa. Da wayar salula ta zo a 2001, layi kansa dukiya ne, ana sayensa wajen naira dubu ashirin, ba mai yar da shi don an ɓata masa rai. Da Glo ya shigo a 2003 da cajin kira na daƙiƙa-daƙiƙa, layi ya yi ta araha har ya zama ana rabawa kusan kyauta, sai barin kamfani ya zama abu mai sauƙi. Abin da ya rage yana ɗaure mutum shi ne lambarsa da kowa ya sani, ita ma a watan Afrilun 2013 hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta buɗe tsarin da mutum zai koma wani kamfani da lambarsa. Duk rahoton kamfanin waya da ka ɗauka za ka tarar da churn a ciki, kuma a wannan fage babu wata kalma da ta kai ta dacewa.

Turnover kuwa daga juyawa ta fito, kamar yadda ake juya waina a tanda. Bahaushen kasuwa ya riga ya mallaki wannan hoto, shi ya sa yake cewa wane yana juya kuɗi, ko jarinsa ba ya kwana. Matsalarta ita ce tana da fuska uku, kuma biyu daga ciki ba ruwansu da tafiyar kowa.

Fuskar farko ita ce wadda abokin ƙanena ya sani: jimillar cinikin da aka yi a wani lokaci, kafin a cire uwar kuɗi da ɗawainiya. Wannan Turancin Ingila ne, kuma shi muka gada, Amurkawa sun fi cewa revenue ko sales. Da wannan ma'anar Dokar Kuɗi ta 2019 ta raba kamfanoni, inda ta yafe harajin kamfani ga wanda cinikinsa na shekara bai wuce naira miliyan 25 ba, ta sa kashi 20 cikin 100 a kan matsakaita har zuwa miliyan 100. Wanda ya daɗe yana hulɗa da banki kuma zai tuna COT, kamashon da ake cira a kan kuɗin da ke fita daga asusu, naira 5 a kowace 1,000, wanda Babban Banki ya yi ta ragewa daga 2013 har ya soke shi a 2016. Harafin ƙarshe na COT ɗin nan turnover ne. A duk irin waɗannan wurare fassarar ita ce ciniki ko jimillar ciniki, kuma ina roƙon 'yan uwana masu fassara su daina cewa riba. Na sha jin an karanta a labarai cewa kamfani kaza ya ci ribar biliyan kaza, alhali cinikinsa aka faɗa, wataƙila ma a shekarar faɗuwa ya yi.

Fuska ta biyu ta kaya ce: sau nawa hajar shago take ƙarewa a sake sarowa. Mai tumatir a kasuwar 'Yankaba dole kayansa su juya cikin kwana ɗaya ko biyu, in ba haka ba sun ruɓe. Mai leshi mai tsada a Kantin Kwari yana iya wata uku da bandir ɗaya bai damu ba, tunda ribar kowane yadi tana da kauri. Kishiyar wannan ma'ana muna da ita tsaf, wato kwantai. Kayan da turnover ɗinsu ya yi ƙasa, kayan da suka yi kwantai ke nan.

Sai fuska ta uku, wadda ita ce ke karo da churn: sauyin ma'aikata. Je ka wata makarantar kuɗi ta unguwa ka gani. Malamai ashirin ne a farkon shekara, ashirin ne a ƙarshenta, amma takwas daga ciki sababbin fuska ne. Yaro ya saba da malamar lissafi a zangon farko, ya dawo hutu ya tarar da wani, kafin jarrabawa an sake kawo wata. Wannan shi ne staff turnover na kashi 40 cikin 100, kuma abin lura a nan shi ne ana cike gurbin. Kujerar tana nan, mai zama a kai ne ke canzawa. Haka ake amfani da kalmar a kan majalisa idan zaɓe ya kwashe tsofaffin 'yan majalisa ya kawo sababbi. A kula kada a haɗa ta da turnout, wadda ke nufin yawan waɗanda suka fito kaɗa ƙuri'a.

Akwai wata dabara da nake amfani da ita idan jimla ta rikita ni, ita ce in tambayi kaina ko yawan abin alheri ne. Idan marubuci yana murna da cewa turnover ya hau, to ciniki ne ko kaya. Idan yana kuka, ma'aikata ne. Churn kuwa ba a taɓa murna da hawansa.

Attrition ba ta buƙatar dogon bayani. Asalinta Latin ne, daga gugar abu har ya cinye, kamar dutsen niƙa ko igiyar guga a bakin rijiya. Sojoji suna amfani da ita a kan yaƙin da ba a ci da karo ɗaya, sai dai a yi ta rage wa abokin gaba mutane da kaya har ya gaji, kamar yadda aka yi a Verdun ta ƙasar Faransa a 1916. A ofis tana nufin raguwar ma'aikata a hankali: wannan ya yi ritaya, wancan ya rasu, wata ta samu aiki a Saudiyya ko Birtaniya, kuma ba a ɗauki kowa ba. Asibitin da likitocinsa ke tafiya ɗaya bayan ɗaya alhali an dakatar da ɗaukar aiki, shi ke cikin attrition. Zaizayewa ta ɗauke ta daidai, domin duk wanda ya ga yadda zaizayar ƙasa ke cin gona ya san ba rana ɗaya take yi ba, kuma abin da ya tafi ba ya dawowa.

Gaskiya Turawan su ma ba su tsare waɗannan iyakoki sosai. Bankuna sukan ce customer attrition suna nufin churn, manyan kamfanonin kwamfuta na Indiya suna kiran duk wata tafiyar ma'aikaci attrition ko da an maye gurbinsa washegari, kuma za ka ga employee churn a jaridu. Amma mai rubutu da yake son a fahimce shi ba tare da an sake tambayarsa ba, shawarata ita ce ya bar wa abokan ciniki churn, ya bar wa ma'aikatan da ake maye gurbinsu turnover tare da sa staff a gabanta kullum, ya ajiye attrition sai inda adadi yake raguwa da gaske. Idan kuɗi yake nufi kuma takardar za ta fita waje, sales ko revenue sun fi aminci, domin Ba'amurke yana iya karanta high turnover ya ɗauka ma'aikatanka ne ba sa zama.

Inda aikin ya fi ba ni wahala shi ne ɓangaren Hausa, kuma a nan na fi son a tsaya. Aron kalmar ba zai yi ba. Idan aka rubuta ta yadda bakinmu zai furta, kusan "can" za ta fito, ga shi muna da namu can ɗin na nesa, ka ga an haɗa rikici da gangan. Kaɗawa ma ba ta tafiya, domin in ka ce kaɗawar kwastomomi sai a zaci kora su ake yi kamar dabbobi.

Sauya sheƙa tana da daɗin ji, kowa ya san ta daga bakin 'yan siyasa, kuma ta dace ƙwarai da wanda ya ɗauki lambarsa daga wannan kamfani ya koma wancan. Sai dai tana ɗauke da cewa akwai sabuwar sheƙar da aka koma. Wanda ya daina biyan kuɗin tashoshin talabijin don buhun shinkafa ya yi tsada bai koma ko'ina ba, ya haƙura ne kawai, kuma shi ma yana cikin lissafi. Guduwa ita ce mutanen kasuwa suka fi faɗa, "kwastomomina sun gudu", amma tana da zafi, kamar akwai bashi ko laifi a tsakani. Shiga da fita ta kama ainihin hoton goran, tana da kyau idan ana bayanin yanayin kasuwa gaba ɗaya, amma ba ta yi wa ma'auni ba tunda ma'aunin bai ƙirga masu shiga. Raguwar abokan ciniki kuwa kuskure ce kai tsaye, domin mun ga shagunan ƙanena sun ƙaru zuwa 205 alhali goma sun tafi.

Ni dai ɗauke ƙafa na zaɓa. Haka muke cewa da wanda ya saba zuwa ya daina: "Alhaji, kwana biyu ka ɗauke ƙafa." Ba ta ce ya koma wani wuri ba, ba ta ce an yi faɗa ba, kuma tana nuna cewa da can akwai sabo, wanda shi ne sharaɗin churn, don ba a ƙirga mai wucewa da ya sayi abu sau ɗaya. Sai in rubuta "yawan abokan cinikin da suka ɗauke ƙafa a wata", kuma ban taɓa jin mai sauraro ya nemi ƙarin bayani ba. Inda take gazawa ɗaya ne. Turawa sun raba tafiyar gida biyu, ta ganin dama da ta dole. Layukan da aka rufe saboda ba a haɗa su da lambar shaidar ɗan ƙasa ta NIN ba, bayan umarnin da aka bayar a Disambar 2020, masu su ba ɗauke ƙafa suka yi ba, rufe musu ƙofa aka yi. A nan sai a faɗi abin yadda yake, a ce layukan da aka rufe.

Akwai wani churning kuma na kasuwar hannun jari wanda fassararsa daban ce gaba ɗaya. Shi ne dillali ya riƙa saye da sayarwa da kuɗin wanda ya ba shi amana ba don amfanin mai kuɗin ba, sai don kowace juyawa tana kawo masa la'ada. Dukiyar tana ta motsi kamar nono a gora, man kuwa dillali ke kwashewa. A Amurka wannan laifi ne da hukumar kula da kasuwar hannun jari ke hukuntawa. Da Hausa jujjuya dukiyar mutum don cin la'ada nake cewa, kuma duk wanda ya taɓa shiga kara ya ga yadda wasu dillalai ke yi da saniya ɗaya zai gane.

Sauran ma'anonin suna da sauƙi. Idan aka ce stomach ɗin mutum yana churning, in tsoro ne to hantar cikinsa ta kaɗa, kuma abin sha'awa ne yadda harsunan biyu suka haɗu a kan aikatau ɗaya. In ƙyama ce, zuciyarsa ke tashi. Manyan motoci idan suka yi churning up ɗin hanya da damina, sun dame ta ne ta zama caɓi. Churn out kuma fitar da abu ne da yawa cikin gaggawa ba tare da kula da inganci ba, kuma akwai raini a cikinta. Saboda haka idan marubuci ya ce jami'o'i suna churning out ɗalibai, wanda ya fassara da "suna yaye ɗalibai" ya wanke maganar ya zubar da zafinta, abin da ake nufi shi ne ana ta ɓaro su barkatai. Daga nan ne 'yan jaridar Birtaniya suka ƙera churnalism, sunan da suke kiran aikin jaridar da ba ya wuce kwafe sanarwar kamfanoni da ta hukumomi a buga a matsayin labari.

Ƙanena ya koma ya ɗauko littafin da direbansa ke rubuta shagunan da aka sauke wa kaya, muka zauna muna bi suna-suna. Nan muka ci karo da abin da ƙamus bai faɗa ba: yaushe ne za a ce shago ya ɗauke ƙafa? Da hunturu cinikin ruwan sanyi yakan faɗi, shaguna da yawa sukan yi mako uku ba su karɓa ba, zafi na shigowa su dawo. Kamfanonin waya ma da wannan suke fama, tunda yawancinmu layi biyu ne a waya ɗaya, ɗaya na aiki ɗaya na barci, shi ya sa aka yanka musu wa'adin kwana 90 kafin a cire layi daga cikin masu aiki. Shi ma sai ya yanka wa kansa wata biyu cur, ya rubuta hakan a ƙasan gurbin don mai karantawa ya san da wane mudu aka auna. Da muka ware waɗanda suka cika wa'adin, sai ga shi fiye da rabinsu a kan hanya ɗaya suke, wadda motar ke isa bayan la'asar, lokacin da wata motar ta riga ta cika musu firji tun da hantsi. Ya rufe littafin ya ce, "Yaya, gobe ta can za mu fara."